Inji ya ce ni ba ni ba ne

Jama'a, yau na sha kunya! Wautata ce: silifas ɗina ya tsinke a unguwar Zogbeli, na shafa masa sufa gulu da yatsuna. Ga shi muna hanyar ofis ni da Baba, neman sabon Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Tsohon katina ya faɗi a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, kuma makaranta ta ce ba kati, ba rajista.

A ofis na ɗora yatsa a injin duba zanen yatsu. Ya nuna ja! Na sake. Ja!

Ma'aikaciyar ta ce, "Ɗana, yatsun wa ka aro?"

Baba ya ce, "Nasa ne, Hajiya. Da su yake cinye mini tuwo!"

Layi duka ya fashe da dariya. Na goga yatsun a siminti har suka yi zafi, inji ya ƙi.

Ban samu kati ba. An ce in dawo idan gulun ya ɓare.