Tsohon Karen Baba

Mahaifina baduku ne a unguwarmu ta gindin Dala, amma waɗanda suka san shi tun yana da ƙarfi ɗan farauta suke ce masa. Da rani ya kama sai ya naɗe fatunsa ya rufe zaure, shi da abokansa su fita ta Ƙofar Dawanau da gorori da karnuka. Su yi kwana biyu ko uku, su dawo da zomaye da gafiya, in an taki sa'a har da gada. Lokacin da na yi wayo yana da karnuka huɗu. Lokacin da na zama malamin firamare saura ɗaya, wani ja mai farin ƙirji, wanda yake zaune a kangon bayan gidanmu ƙarƙashin wata rumfar tsohon kwano.

Gaskiya ban taɓa son karen nan ba. Ina yaro an sha tsokanata da ɗan mai kare, kuma da na girma na fara sa farar riga ina zuwa aji, sai nake ganin bai dace a ji haushi daga bayan gidanmu ba. Ko sau ɗaya bai taɓa taka cikin gida ba, Baba bai yarda ba, amma duk da haka ni kunyarsa nake ji.

A shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki, ana tsakiyar hayaniyar zaɓe, Baba ya faɗi a zaure yana cikin ɗinkin wata jaka. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka yi kusan wata guda a asibiti. Duk tsawon lokacin, abin da kare yake samu shi ne ragowar tuwon da Inna, mahaifiyata, take jefa masa ta kan katanga, da ruwan da ake zuba masa in an tuna.

Ranar da muka dawo gida, bayan masu sannu sun ragu, Baba ya yafito ni. Maganarsa ta yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai. Tun da na fara koyarwa Malam yake ce mini, rabi wasa rabi gaske.

"Malam, wa ke duba shi?"

"Ana ba shi abinci, Baba."

"Kai ni wurinsa."

Ni da wani maƙwabcinmu muka ɗauke shi a kan kujera muka zagaya da shi kango. Karen yana kwance. Da ya ji ƙamshin Baba sai ya yunƙura, ƙafafunsa na baya suka ƙi, ya sake yunƙurawa, sannan ya taho yana tangaɗi ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar Baba. A nan na fara dubansa da kyau. Bakinsa ya yi furfura, idonsa ɗaya ya yi fari. Kaska ta cika kunnuwansa, gashin wuyansa ya dunƙule da ƙasa, faratansa sun yi tsawo har sun fara lanƙwasa. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun dama, hannun bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Sai dai kai ka yi mini."

Washegari na je kasuwa na sayo burushin wanki mai tauri da garin sabulu. Na jawo ruwa a rijiya na sheƙa wa kare guga guda, na hau gurza. Ya yi wani kuka siriri irin na ɗan jariri, ya kuɓuce ya shige can ƙuryar rumfa yana karkarwa. Baba yana kan kujerarsa yana kallo.

"Haka za ka yi mini ni ma?" in ji shi.

Na ajiye burushin. Kwana biyu karen in ya hango ni sai ya juya fuska bango.

Masu shawara kuwa ba a rasa su ba. Wani makanike ya ce in shafe shi da baƙin mai, kaska za ta zube. Wani ya ce kananzir. Baba ya girgiza kai, ya ce ya ga karen da baƙin mai ya kashe, don lasa suke yi. Sai na nemi izini a makaranta na tafi wajen wani likitan dabbobi, dattijo mai yawan haƙuri. Ya ba ni wata hoda, ya nuna mini yadda ake barbaɗawa nesa da ido da baki. Ya ce tsohon kare ba ya son wanka kullum, fatarsa ta yi siriri, shafa da tsefewa sun fi ruwa amfani. Da zan fita ya ƙara da cewa duk abin da zan taɓa shi da shi in fara gwadawa a bayan hannuna, in ya yi mini zafi to shi ma zai yi masa.

Sauran kayan daga zauren Baba suka fito. Ya sa na buɗe akwatin aikinsa, yana nuni da hagu ina ɗaukowa. Akwai wani burushi mai laushi da yake goge fata da shi bayan ya sa mata mai, gashinsa ya kwanta saboda daɗewa. Akwai matsefata ta cire ƙaya, da ƙaramin magagari. Inna ta ba ni tsohon matajin ƙaho mai manyan haƙora da wani soso da ya gama laushi, ta ce kada ko ɗaya ya dawo mata ɗaki. Na ware kwano guda da tsohuwar riga ta aikin kaɗai, ina rataye ta a ƙusa a kango. In na gama sai in wanke hannu da ƙafa in sake kaya kafin in tafi masallaci.

Na koyi ajiye ruwa a rana tun hantsi, don ya yi ɗumi kafin in taso daga makaranta. Wani lokaci in tafasa ganyen darbejiya in sirka. Baba ya hana ni tunkarar karen ta ɓangaren makahon idonsa. Ya ce in fara yi masa magana, in bari ya shinshina burushin, sannan in fara daga kafaɗa ina bin kwanciyar gashi. Inda ya dunƙule in riƙe gindin gashin da yatsu in tsefe daga baki, kada in ja. Kaska kuma in kama ta da matsefata dab da fata in zare a hankali, in jefa a gwangwani. Faratan ban yanke su ba, don Baba ya ce akwai jini a ciki. Kullum sai in goge kaɗan da magagari, farce ɗaya ko biyu, in ya janye ƙafa in ƙyale shi sai gobe. Gwiwoyinsa da suka yi kanta saboda kwanciya a ƙasa ina shafa musu man kaɗe, na kuma shimfiɗa masa buhuna biyu.

Sai da muka yi mako uku kafin ya yarda ya kwanta mini a gefe ya miƙe ƙafafu. Ranar ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya lumshe ido, burushin yana tafiya a haƙarƙarinsa. Na ɗaga kai na ga Baba ma ya lumshe nasa.

Da gashin ya warware sai tabbai suka bayyana, kuma kowane tabo Baba ya san ranarsa. Na cinya na haƙorin gadu ne, a wata fadama da suka kwana babu ruwan sha. Tsagar kunne kuwa faɗa ne da karen wasu 'yan farauta na wani gari a kan zomo ɗaya. A cikin gida Baba ba ya haɗa kalma biyar, amma a kango bakinsa yana sakewa. Shekara talatin da wani abu ina gidan mutumin nan, ban taɓa jin labarin ƙuruciyarsa ba sai a wannan bazarar, ina tsugune da burushi a hannu. A nan na ji cewa shi ma ya so karatun boko, mahaifinsa ya hana. A nan na ji ya taɓa ɓata a daji kwana biyu, uwar karen nan ce ta kai shi bakin hanya.

Wata rana tsofaffin abokan farautarsa suka zo gaishe shi, su uku, sanye da hulunan jam'iyya. Sun bar daji, yanzu rakiyar wani ɗan takara suke yi. Suka tarar da mu a kango. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya yi dariya, ya ce wa Baba, "Ka wahalar da malamin makaranta a kan abin da ya gama yayinsa. A kai shi bayan gari a sake shi mana."

Baba ya juya fuska gefe har suka yi sallama. Bayan sun fita ya ce, "Rabin naman da mutumin nan ya ci a duniya karen nan ne ya kamo masa."

Ranar da aka rantsar da farar hula babu makaranta. Na fito da rediyo kango, muna ji ana ta jawabi, ni ina share kunnen kare da tsumma mai ɗumi. Baba ya ce ya taɓa ganin irin wannan rana, Allah ya sa wannan karon ta ɗore. Can ya ce, "Malam, ina son in ga bayan ƙofa."

Na roƙi wani abokina mai akori-kura. Ranar Asabar da safe, bayan an yi ruwan fari, muka sa Baba a gaba, ni da kare muka hau baya a kan buhunansa. Muka fita ta Ƙofar Dawanau. Baba yana ta neman wata tsamiya da suke taruwa a gindinta, ba mu gan ta ba, gidaje da ɗakunan ajiyar hatsi sun cinye wurin. Muka ci gaba har muka sami gonaki da aka fara shuka. Na sauke karen. Ya tsaya ƙafafu na rawa, ya ɗaga hanci sama yana shaƙar iskar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba ya leƙo ta taga ya yi ƙoƙarin yin fito, leɓensa ya ƙi, iska kawai ta fita. Amma karen ya ɗaga kunne, ya yi taku kamar goma cikin kunyoyin gona, sannan ya waiwayo ya zauna. Mun fi awa guda a wurin, ba wanda ya ce a tafi.

Baba ya rasu cikin marka, da safiyar wata Laraba. Kwana uku ina karɓar gaisuwa ban leƙa kango ba. Da na je, na tarar da kare kwance a daidai inda ƙafafun kujera suka bar rami huɗu a ƙasa. Na ɗauko burushi na zauna. Na fara yi masa magana kamar yadda aka koya mini, na bari ya shinshina burushin, sannan na soma daga kafaɗa.

Ya rayu har kaka. Ya daina cin tuwo, sai kunu da nake dama masa. A ƙarshe ko burushin mai laushi ba ya so, da tafin hannu kawai nake shafa shi. Wata Alhamis na dawo daga makaranta na same shi ya miƙe, jikinsa da sauran ɗumi. Na haƙa rami a nan cikin kango na binne shi.

Bayan kamar wata biyu, wannan abokin Baba da ya ce a kai shi bayan gari ya yi sallama a ƙofar gida. Yana rungume da ɗan kwikwiyo ja a cikin kwali. Ya ce jinin tsohon karen ne, ta wajen wata 'yar karen da Baba ya taɓa ba shi. Bai iya haɗa ido da ni ba. Na leƙa kwalin, ɗan abin ya lashi yatsana. Na yi godiya, na ce ni ba na farauta, kuma ana maganar raba gado, kangon ma ba lallai ya zauna a hannunmu ba. Ya ce haka ne, ya gyara riƙon kwalinsa ya juya. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa har ya sha kwanar lungu, ina jin kamar in kira shi, ban kira ba.