Haƙoran Amidu Mahauci

A zamanin da fatake ke lodin goro kan jakuna a Salaga, babu wanda bai san Amidu mahauci ba. Ba don namansa ba, wannan kam ƙashi ya fi yawa. Dambe ne ya fito da shi, sai haƙora farare tas, ga wushirya. Sahadatu, wadda yake nema, ta faɗa masa ƙiri-ƙiri: "Ran da ka dawo min da giɓi, ka nemi wata."

To, ga damben kaka a Yendi ya matso, ga wani ƙato daga Bawku da ba ya barin haƙori a bakin mutum. Amidu ya ari guntuwar fatar da abokinsa ke cusawa a baki in zai shiga fili. Kai, ta yi masa yawa! Numfashi ya gagara, yawu na dalala kamar na maraƙi. Ya kai wa Zibrim baduku, wai a rage.

"Da bakin wani za ka yi dambe?" in ji tsohon. Ya yi wurgi da ita, ya yanko sabuwa mai laushi, ya jiƙa a ruwan ɗumi. "Ciza. A'a, ba tsire ba ne, a hankali!"

"Baba, bauri."

"Bagaruwa ce, ba ta kisa. Girgiza kai. Ta faɗo?"

Ba ta faɗo ba. Zibrim ya yi ta datse gefenta har ta daina gugar dasashi, ya shanya a inuwa.

A Yendi kuwa, gaskiya ɗaya ce, ɗan Bawku ya shimfiɗe Amidu, leɓe ya kumbura suntum. Amma da ya tofar da fatar ya bi haƙoransa da harshe, ko ɗaya bai motsa ba. Sai ya tuntsire da dariya a kwance, 'yan kallo suka ce dukan ya taɓa masa hankali.

Ya auri Sahadatu, ya bar dambe. Har furfura ta rufe shi yana ɓantarar goro ƙaras-ƙaras, yana sa wa Zibrim albarka.

Shi Zibrim tsufa ya kwashe nasa haƙoran kaf. Kullum da hantsi Amidu zai zo da farin goro da magogi, ya durƙusa ya goga masa, ya zuba masa a tafin hannu.

"Kai ba ka ci, ɗana?"

"Na ci a gida, Baba."

Nasa na cikin aljihu. Har tsohon ya rasu, Amidu bai taɓa tauna goro a gabansa ba.