Zanen da Na Ajiye wa Gawata

'Yata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, domin ni ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. Ta so in ba da labarin babanta. Na ce ta dakata tukuna, akwai abin da ya fi tsaya mini a rai.

A cocinmu na Demsawo, nan cikin Jimeta, duk macen da ke zumuntar mata tana da kayan zumunta: zane, riga da ɗankwali, iri ɗaya ga kowa. Ba a samun su a kasuwa, sai an rubuta suna an jira watanni. Da su muke tsayawa a layi mu yi waƙa. Ran da ɗayarmu ta mutu kuma, mu ne ke wanke ta, mu sa mata nata kafin a rufe akwati. Na taɓa wanke wata da zanenta ya koɗe kamar tsumman goge tukunya, na kuma ji abin da mata suka riƙa faɗa a hanyar dawowa daga makabarta. Na gaya wa maigidana. Shekarar da ya ajiye aikin gwamnati ya sa aka rubuta mini kaya biyu. Ya miƙo mini na biyun ya ce, "Ga na tafiya. Kada a ce mijinki bai iya ba." Muka yi dariya. Ashe shi zai riga ni, damina biyu kawai bayan haka. Har yau ina kukansa, ba na ɓoyewa. Na ninke kayan, na zuba kafur, na sa a ƙasan akwatin ƙarfe.

Sai shekarar da masu bindiga suka koro mutane daga Michika da Mubi. Jimeta ta cika. A harabar cocinmu mutane na kwance har bakin ƙofa, muna dafa musu shinkafa da wake a manyan tukwane. Na yi dahuwa sosai a lokacin, ina faɗa ne don a san cewa ina ganin kaina mai bayarwa.

Cikinsu akwai wata mata daga wani ƙauye bayan Michika, ba ta kai ni shekaru ba. Ta zo da zane ɗaya a jikinta da silifas da ba iri ɗaya ba. An harbe mijinta a hanya, ba ta samu ta tsaya ta rufe shi ko da ganye ba. Ba ta cika magana ba. Amma ran da muke koyon waƙa da yamma, ta matso ta zauna a bayanmu, mai buga tulu ta ɓata kiɗa, sai matar nan ta miƙa hannu ta karɓa. Da ta buga ta ɗaga murya, duk muka juya. Ashe ita ce mai ba da waƙa a zumuntar garinsu shekara da shekaru. Daga ranar kullum tana zuwa, har ta fara yi mana tsiya cewa mu matan birni muna waƙa kamar masu jin tsoron tashin jariri.

Da Ista ta kusa, uwar zumuntarmu ta tara mu ta ce tana so matar nan ta ba da waƙar tashin Yesu ranar Lahadi. Amma doka doka ce, ba a shiga layi ba kaya. Ta ce, "Wa ke da biyu ta ara mata?"

Mata suka juyo suna kallona. Kowa ya san ni ce, domin da bakina na yi ta fahariya da abin da maigidana ya yi mini. Na sa ido a kan yatsun ƙafata.

Ƙawata mai sayar da kifi, wadda muka taso tare tun daga Numan, ta zungure ni da gwiwar hannu, ta kira ni yadda ta saba, Adda, wato yaya. "Adda, da ke ake."

Na ce, "Nawa na biyu na ranar jana'iza ne."

"To ba ta tsohon, ki sa sabon. Yini ɗaya ne."

"In na sa ai ya tashi daga sabo. Sai an wanke."

Ta tafa hannu ta ce, "Oho! Wato tsutsa ce za ta duba ko an taɓa wankewa? Ke kam ko a kabari sai kin yi kwalliya!"

Mata suka fashe da dariya. Dariyar ce ta ƙara taurara mini kai. Na ce marigayi ne ya saya, ba na so a taɓa. Da na ambaci marigayi kowa ya kama bakinsa, kuma na san haka za a yi, shi ya sa na ambace shi. Na yi amfani da mijina da ya mutu na rufe bakin mutane a gaban macen da ba ta ma san inda ƙasusuwan nata mijin suke ba. Tana zaune a wurin. Ta ce, "Ba komai, Mama. Ku yi, zan ji daga waje." Ta ajiye tulun a hankali.

Ranar Lahadi coci ta cika har ba wurin sa ƙafa, 'yan gudun hijira da yawa suna ƙarƙashin itacen darbejiya kusa da taga. Muka tashi muka yi waƙar. Wadda ta ba da ita ta yi ƙoƙari. Amma duk lokacin da muka zo amshi, ina jin murya ɗaya daga waje tana shigowa ta taga, ta fi tamu duka ƙarfi. Ban juya ba.

Sai fasto ya hau ya yi wa'azi a kan safiyar da aka je kabari. Ya ce ba a sami Yesu ba, amma an sami likkafaninsa a ajiye a ciki. Ya ce wanda ya tashi bai fita da kayan mutuwa ba, ya bar su nan. Ba da ni yake ba, bai ma san abin da ya faru a taronmu ba. Amma maganar ta same ni. Shekara nawa ina waƙar cewa Yesu ya ba da ransa domina, cewa ni ma zan tashi. Aka roƙe ni aron zane na yini ɗaya, na riƙe wa gawa, na hana mai rai.

Da na ce na koma gida na ɗauko na kai mata, da na yi ƙarya. Kunya ta hana ni. Na ce gobe. Na riƙa zuba mata abinci fiye da na kowa ba tare da na kalli idonta ba. Ana haka hanya ta buɗe, suka shiga mota suka koma. Kayan suna nan a akwati.

Bara ne matar nan ta zo Yola a duba mata ido a asibiti, ta nemi gidana, ta zo da gyaɗa a ƙullin leda. Ta tsufa, ni ma haka. Bayan mun gaisa mun yi kukan mazajenmu, na shiga ɗaki na ɗauko kayan, warin kafur ya cika falo. Na durƙusa da gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa na ajiye a gabanta. Na ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini."

Ta daɗe tana shafa zanen. Ta ce, "Mama, tashi, kada ki karye a hannuna." Sai ta ce, "Na yafe tun a ƙarƙashin itacen nan. Amma a ranar nake bukatarsa. Yanzu ina da nawa."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba da zafi ba.

Na ce ta ɗauka duk da haka. Ta yi tunani ta ce akwai wata a zumuntarsu da aka ƙona wa gida sau biyu, har yau a baya take zama, ba ta shiga layi. Ta ce, "Gajeriya ce, amma tela zai rage." Ta ninke ta sa a jakarta tare da maganin ido. Na raka ta bakin titi ta hau keke napep.

Na gaya wa 'yata, ran da na mutu a sa mini tsohon, wanda ya koɗe, wanda na yi waƙa da shi. In mata sun yi magana a hanyar dawowa, su yi. Ban ce wannan ya biya abin da na yi ba. Istar waccan shekarar ta wuce, ba za ta dawo ba, kuma matar nan a waje ta yi ta.