Fuskar da Ta Yi Faɗi

Maigidana ɗan acaɓa ne a Kusada. Dogo ne siriri, fuskarsa ma doguwa, har abokan aikinsa kan tsokane shi wai iska za ta sauke shi daga babur. Ya rasu a haɗari a hanyar Kankia, ya bar ni da ɗiya ɗaya da ba ta daɗe da fara magana ba. Allah Ya jiƙansa.

Hotonsa ɗaya ne tak a gidan, ɗan ƙarami da ke manne a katin ƙungiyarsu. Wayarsa ta farfashe tare da babur. Bayan sadakar arba'in ƙaninsa ya ce in ba shi katin, akwai mai hoto a Kankia da ke mayar da ƙaramin hoto babba ya sa shi a gilashi. Na yarda saboda yarinyar. Ina so ta tashi ta san fuskar ubanta. Ina cikin takaba, ba halin fita, sai na naɗe katin a leda na miƙa masa, na roƙe shi ya dawo mini da shi.

Da ya kawo hoton, a ɗakin surukata aka buɗe shi. Inna ta riƙe shi da hannu biyu tana kuka.

"Allah sarki, kamar shi yi magana," in ji ta.

Matan gidan suka yi ta karɓa suna maimaita haka. Da ya iso hannuna na duba, na sake dubawa. Rigar tasa ce, hular ma tasa ce, ga ɗan tabon da ke girarsa ta hagu. Amma mutumin da ke cikin gilashin mai kumatu ne, hancinsa a baje, kafaɗunsa kamar na ɗan dambe. Ban taɓa zama da wannan mutumin ba.

Na tambayi ƙanin mijina ina katin.

"Matar Yaya ke nan, ba godiya sai bincike," ya ce yana dariya. "Yana wurin mai hoton, zan amso."

Bai amso ba. Mako ya wuce, wata ya wuce. Yau ya ce shagon a rufe, gobe ya ce ya manta.

Da farko mai hoton na zarga. Na ce ya haɗa aikinmu da na wasu. To amma tabon fa? Sai zargina ya koma kan ƙanin mijina, domin shi mai faɗin fuska ne. Na riƙa satar kallonsa idan yana cin tuwo a tsakar gida, ina gwada hancinsa da na hoton. Har na raya a raina ko ya yar da katin ne, ya je aka ɗauke shi hoto da rigar yayansa don ya rufe bakina. Ban faɗa wa kowa ba, amma gaisuwata da shi ta gajarta.

Abin da ya fi damuna ya zo daga baya. Kowa a gidan ya yarda da hoton, har uwar da ta haife shi. Ni kaɗai na ƙi. Sai na fara tunanin ko ni ce na manta. Idan na rufe ido in tuno shi, wani lokaci doguwar fuskar ke zuwa, wani lokaci mai kumatun. Ita kuwa yarinyar kullum tana shiga ɗakin Inna, ta nuna bango da yatsa ta ce, "Baba." Inna ta ce, "Yauwa, ɗiyar kirki."

Da na fita takaba, tafiyata ta farko Kankia ce. Na ce wa Inna zan kai hoton a goge gilashin. Na hau mota da shi a cinyata, na yi ta tambaya har aka nuna mini shagon, kusa da tasha.

Mai hoton saurayi ne mai fara'a. Ya jawo durowa, ya yi ta tona hotunan mutane, can ya fito da katin a cikin ledarsa. Na karɓa na buɗe. Ga maigidana nan, dogo siriri, yadda na san shi.

Na ajiye ƙaramin a gefen babban. A firamare malaminmu na lissafi ya taɓa zana mana ɗaki ƙarami da babba a allo, ya ce idan kana so babban ya yi kama da ƙaramin, yadda ka ninka tsawo haka za ka ninka faɗi. Shi ne ya faɗo mini a rai. Na zari tsinke daga tsintsiyar shagon, na karya shi daidai tsawon ƙaramin hoton, na auna a babban, ya shiga sau biyar. Na karya wani daidai faɗinsa, na auna, ya shiga sau bakwai.

"Malam, me ya sa faɗin ya fi?"

"Af, Hajiya, ai wannan ba komai ba ne," ya ce. "Gilashin da ke gare ni lokacin mai faɗi ne. In na bar hoton yadda yake, gefe da gefe sai fari. Shi ne na ɗan ja shi a kwamfuta shi cika."

"Wanda ya kawo aikin ya gani?"

"Ya gani mana. Na ma nuna mashi duka biyun. Cewa ya yi in bar mai faɗin, wai tsohuwa za ta fi jin daɗi in ta ga ɗanta da ƙiba."

Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ko kuwa yana ɗora wa wanda ba ya nan. Har yau ban sani ba, don ban tambayi ƙanin mijina ba. Ban kuma san dalilin da ya hana shi karɓo katin ba.

Na ce ya sake mini wani, sau biyar a tsawo, sau biyar a faɗi.

"Gefen zai yi fari fa."

"A bar shi da farinsa."

Na zauna a benci har ya gama. Kafin in karɓa na sake aunawa da tsinkayen, yana kallona yana murmushi.

Na mayar wa Inna nata ta rataye. Nawa na kai ɗakina na jingina a kan akwati, na kira yarinyar na ɗora ta a cinya. Ta daɗe tana kallo, ta taɓa gilashin da yatsa.

"Umma, wane ne wanga?"

Na ce, "Babanki ne."

Ta girgiza kai. "Baba yana ɗakin Inna."

Ban yi mata gardama ba a ranar. Washegari da na yi mata wanka na sake zaunar da ita gaban hoton, na nuna mata doguwar haɓarsa, na kama hannunta na ɗora a tata. Haka na riƙa yi kowace safiya. Sai wajen girbi ta fara cewa tana da Baba biyu, na ɗakin Inna da na ɗakinmu. Da za mu koma gidan iyayena a Rimaye, na ɗakinmu na sa a akwati.