Mushe Lawali da Ɗakin Haihuwar da Bai Faɗi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shiga biro, wato ofishinmu, da safen nan aka tare ni da labari: Mushe Lawali ya rasu.

Har yanzu ban iya buɗe komai a kan tebur ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, injiniya ne, kuma a hannunsa na koyi aiki. Aikinsa shi ne ya duba gini ko gada ko shato, wato babban tankin ruwa na sama, ya lissafa yiwuwar lalacewarsu, da abin da za a rasa in hakan ta faru. Mushe muke ce masa, wato malam, don ya taɓa koyarwa a lekol, makarantar boko.

Ranar da na fara zuwa shantiye, wato wurin gini, magina suka yi kamar ba su ga mace ba. Ya cire kaskensa, hular kwanon aiki, ya ɗora mini a ka, ya ce musu, "Yau ita za ku tambaya, ni rakiya na zo."

A rapor ɗina na farko kuwa, wato rahoton aiki, na rubuta "babu haɗari". Ya ja layi a kai da jan biro. "Ƴata, babu ginin da ba shi da haɗari. Faɗi yawansa, ki faɗi wanda zai faɗa wa."

Amma abin da ya tsaya mini a rai yau shi ne wani ɗakin haihuwa, a ƙaramin asibitin wani ƙauye gaba da Mirriya. Ruwa yana kwanciya a kan rufin siminti, ga tsaga ta bi ta ƙarƙashi, damina kuma ta kusa. Kwana uku muna aune-aune. Ya tambayi tsofaffi irin ruwan da suka taɓa gani, ya tambayi ungozoma mata nawa ke kwanciya a ciki. Da ya gama lissafi ya ce a rufe ɗakin.

Maigari bai ji daɗi ba. Ya ce, "Injiniya, ka faɗa mini magana ɗaya. Zai faɗi ko ba zai faɗi ba?"

Mushe ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani, da ɗakuna irin wannan suna da yawa, aka yi ruwa mai ƙarfi, wasu za su zube. Ban san ko naku yana ciki ba. Kuma mai naƙuda ba ta iya gudu."

Aka mayar da mata wani ɗan ƙaramin ɗaki, cikin zafi da matsi. Suka sha wahala sosai, ba zan ɓoye ba.

Damina ta zo ta wuce, rufi yana nan a tsaye.

Mutane suka yi ta magana. Har ungozoma ta aiko mana da saƙo cewa ɗakin da muka rufe yana gaishe mu. Ni kam abin ya dame ni. Da muka je muka sake duba ɗakin, a mota muna komowa Damagaram, na ce masa, "Mushe, anya ba mu yi kuskure ba?"

Ya kalli gonakin gero. Sannan ya ce, "Ko gobe aka kawo mini wannan lissafin, haka zan yi. Aikinmu in ya yi kyau, ba abin da ke faruwa. Sai ki saba da rashin godiya."

Bayan kaka aka sake rufin. Bai taɓa ɗaga maganar ba kuma.

Makonni biyu da suka wuce na je gaishe shi a gidansa na Zango. Ya rame, yana zaune a kan tabarma, matarsa Hajiya na yi masa fifita. Na zo tambayar jikinsa, shi kuma gadar da nake dubawa yake tambaya. Na ce ginshiƙanta lafiya lau.

"Ke kika shiga ƙarƙashi kika gani, ko gaya miki aka yi?"

Na amsa cewa gaya mini aka yi. Ya yi dariya har da tari. "To gobe ki je."

Na je. Na kuma yi niyyar komawa in ba shi labari, aiki ya riƙe ni, na ce sai ƙarshen mako.

Allah ya jiƙan Mushe Lawali, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya da yara haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko da bai taɓa jin sunansa ba sai yau.