Injin Motata a Kan Katako Yake Zaune

Jama'a, Bitrus ya cuce ni! Bitrus ɗin da muke zama benci ɗaya a coci a Romi.

A-kori-kurar da ya sayar mini ce. Yau na fara fita da ita, ni da matata, za mu ɗauko doya. Daidai Gonin Gora na ɗan taɓa totur, taɓawa kawai. Mota ta zabura! Sitiyari na karkarwa, kujera na karkarwa. Wallahi sai na ji kamar ina masaƙar Kakuri, ina saurayi, injuna na ruri, auduga na yawo a iska. Komai ya yi nisa, ya yi laushi. Har murmushi na yi.

Ihun matata ne ya dawo da ni: "Baban Rifkatu, mutane!"

Na taka birki. Saura taku biyu in bi ta kan wata mai gasa masara.

Muka lallaɓa Makera wurin bakanike, Oga Sunday. Ya buɗe bonet, ya ce in ba ta wuta. Inji ya ɗaga kamar zai tashi sama! Ya zura hannu, ya zaro guntun katako da aka shafa wa baƙin fenti.

Ya ce, "Baba, robar da ke riƙe inji babu, wannan katakon aka cusa a madadinta. In ya ɗaga, shi ke jan wayar totur."

Na sami Bitrus a ƙofar gidansa. Ya fara, "Ɗan'uwa, ai motar..."

Na dire masa katakon a cinya, na miƙa masa makullin motar. Na ce, "Sa matarka a gaba, ka kai ta Gonin Gora. In kun dawo, na yafe."