Baba Benci na Kamfanin Katifa

Asalinsa mai gyaran fanka ne. Yana da 'yar rumfa a bakin titi, da mata, da 'ya'ya mata uku masu cin takalmi kamar gara. Wata safiya aka aiko kiransa daga kamfanin katifa, wai fankar ofishin Manaja tana kuka kamar akuya. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi.

Sakatariya, wata doguwa mai tabarau, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Oga yana mitin. Zauna can, za a kira ka."

Ya zauna a wani benci da ke lungun da ya raba ofisoshi da wurin ɗinki. Shi mutum ne mai kunya, bai iya tambaya sau biyu ba. Har aka tashi ba a kira shi ba. Washegari ya dawo, don kada a kira ba ya nan.

Abin da bai sani ba, mutanen kamfanin nan ba sa yi wa juna magana. Mai sito yana fushi da shugaban maɗinka tun wata gardama a kan almakashi. Akanta ba ya ɗaga waya. Allon sanarwa kuwa an jingina masa tsofaffin katifu, sai mai tsani ke iya karanta shi. Amma kowa dole ya bi ta wannan lungu, don nan ne hanyar banɗaki.

Mai sito ne ya fara. Ya tsaya ya ce, "Malam, in wancan mai ƙaton ciki ya wuce, ka ce masa soso ya ƙare."

Da shugaban maɗinka ya wuce, mai gyaran fanka ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce soso ya ƙare." Maganar ciki kuwa ya haɗiye ta.

"Ka ce masa ba da kansa zan cika katifa ba, ya nemo."

Kafin wata ya mutu, duk maganar kamfanin ta koma bencin nan. Hutu, odar yadi, wanda ya bar famfo a buɗe, duk ta bakinsa. Aka sa masa suna Baba Benci, alhali ko furfura bai fara ba. Masu ɗinki sun ɗauka mutumin ofis ne, 'yan ofis sun ɗauka na sito ne. Akanta ya ga babu wanda ya kai shi zuwa aiki a kan lokaci, ya ce lallai mantuwa aka yi, ya sa shi cikin ma'aikata. Fankar kuwa, ashe tuni aka cire ta aka sa na'urar sanyi. Babu wanda ya gaya masa, tunda ba a ba shi saƙon ya gaya wa kansa ba.

A gida matarsa ta tsare shi. "Baban yara, wai aikin me kake yi a can? Maƙwabta suna tambayata."

"Jira nake."

"Jiran me?"

"A kira ni."

Ta tafa hannu ta ce, "To Allah ya sa kada su yi gaggawa."

Ba a ce ba ya kuskure ba. Wata rana Manaja ya ce a rage tsawon mitin, shugaban maɗinka kuma ya aiko tambaya a kan katifun wani otal. Saƙonnin suka cakuɗe a kansa. Aka ɗinka gajerun katifu cike da mota, kowacce in mutum ya kwanta ƙafarsa tana lilo a waje, mitin kuma ya ƙara tsawo. Baba Benci ya kasa cin abinci don kunya. Aka kafa kwamitin bincike, amma 'yan kwamitin ba sa ga maciji da juna, sai ta bakinsa suka yi binciken. Suka gano laifin na'urar yanka ne. Katifun aka sayar wa makarantar yara, har suka aiko a ƙaro.

Haka ya aurar da 'ya'yansa, furfura ta zo ta tarar da sunan.

Da tsohon Manaja ya tafi, aka kawo sabo, matashi mai saurin tafiya. Ya saka kowa cikin rukunin waya, ya ce daga yau can za a riƙa magana. Mutane suka cika shi da gaisuwa da hotunan jarirai. Maganar soso kuwa tana benci. Manaja ya yi bincike, aka ce masa wani Baba Benci ne ke hana ruwa gudu. Ya fito a fusace, ya ga dattijo zaune a lungu.

"Baba, ka san wani Baba Benci?"

"Na san shi, ranka ya daɗe."

"Ka gaya masa ya huta haka. Za a yi masa walimar ban kwana."

Baba Benci ya ce, "To."

Aka yi walima. Shi ya sanar da kowa, shi ya jera kujeru. Manaja ya yi jawabi mai daɗi a kan mutumin da bai taɓa gani ba, ma'aikata suna ta kallon ƙasa, kowa yana jiran wani ya faɗa masa. Da ya ga mai walima bai zo ba, ya miƙa wa dattijon agogon bango ya ce ya kai masa. Matar Baba Benci ta rataye shi a falo.

Litinin Manaja ya same shi a lungu.

"Ka isar da saƙona?"

"Ya ji, ranka ya daɗe. Yana godiya da agogo."

"To me ya ce?"

"Ya ce zai duba."

Manaja ya gyaɗa kai, don amsa ce da shi ma yake bayarwa. Har ya wuce, sai ya juyo ya ce, "Af, in akanta ya fito, ka ce ina nemansa."

Baba Benci bai bar kamfanin ba sai da gwiwa ta hana shi hawa mota. Yanzu yana gida yana rainon jikoki, kuma ya koyi yi musu tsawa.